RAM Ɗin Sabar: Wane Kuskure Yake Gyarawa, Kuma Me Ya Sa Ya Yi Tsada Haka?

Duk wanda ya nemi farashin RAM a shagunan kwamfuta na Sabon Gari ko PZ tun daga ƙarshen shekarar 2025 ya san cewa kayan ya yi tashin gwauron zabi. A ofisoshin da ke da manyan na'urori kuwa maganar ta fi zafi, domin idan injiniya ya kawo takardar neman kuɗin ƙara RAM mai gyara kuskure, wanda ake kira ECC, tambayar da ake fara yi masa ita ce: "Malam, RAM ba RAM ba ne? Me zai hana a sayo irin na kasuwa, tunda girman ɗaya ne?" A kwanan nan kuma an samu ƙarin wata hujja, inda wasu ke cewa sabon samfurin RAM mai suna DDR5 ai da ECC ɗinsa yake zuwa, saboda haka biyan ƙarin kuɗi ɓarna ce. Tambayar tana da nauyi a gari kamar Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello, da Asibitin Koyarwa na Shika, da Kwalejin Nuhu Bamalli, da rassan bankuna, da cibiyoyin jarrabawar JAMB suke riƙe da bayanan jama'a masu ɗimbin yawa, kuma ta cancanci amsar da ta wuce cewa "haka kamfani ya ce".

RAM da sabar a taƙaice

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Faifan ajiya kamar rumbu ne, inda hatsi ke zama ko an kashe wuta. RAM kuma shi ne tabarmar da ake zubo hatsin a kai lokacin aiki, ana aunawa ana rarrabawa, kafin a mayar da shi rumbu. Duk wani bayani da na'ura za ta lissafa, ko ta gyara, ko ta aika wa wani, sai ya bi ta RAM. Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da ke yi wa ɗaruruwa ko dubban mutane hidima a lokaci guda, ba ta hutawa dare da rana, kuma tana iya yin watanni ba a kashe ta ba. RAM ɗinta yana zuwa ne a siraran alluna da ake sokawa a ramukan madabod, wato babban allon da ke haɗa dukkan sassan kwamfuta, kowane allo ɗauke da ƙwayoyin cip baƙaƙe a jere.

Yadda sifili ke komawa ɗaya

A cikin ƙwayar cip, ana ajiye kowane bayani ne a matsayin sifili ko ɗaya, kuma wannan ƙwara guda ita ake kira bit. Abin da ke riƙe da bit ɗin wani ɗan mitsitsin ma'ajin caji ne da ido ba ya gani, wanda cajinsa ke tsiyayewa da kansa, har sai da aka tsara na'ura ta riƙa sabunta shi a kowane milisakan 64 a DDR4, samfurin da ya gabaci DDR5, da kowane milisakan 32 a DDR5. Abin da ke tsaye a kan caji ɗan ƙanƙani haka ba ya buƙatar wani babban dalili kafin ya juye.

A shekarar 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Intel, Timothy May da Murray Woods, suka gano cewa burbushin yuraniyam da toriyam da ke cikin kwanson da aka lulluɓe cip da shi yana fitar da ƙwayoyin makamashi masu juya bit. Jim kaɗan bayan haka James Ziegler na kamfanin IBM ya nuna cewa ƙwayoyin makamashin da ke sauko mana daga sararin samaniya su ma suna yin wannan aika-aika, kuma yawansu yana ƙaruwa gwargwadon tudun wuri, wato na'urar da ke Jos ta fi ta Legas fuskantarsu. Irin wannan kuskure mai wucewa ne: cip ɗin lafiyarsa ƙalau, bit guda ne kawai ya juye sau ɗaya. Akwai kuma kuskure mai zama, wanda ke fitowa daga lalacewar cip ɗin kansa ko mahaɗinsa, ya yi ta maimaita kansa a wuri ɗaya.

An daɗe ana ɗauka cewa wannan abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, sai a shekarar 2009 da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto tare da abokan aikinta biyu daga Google suka fitar da sakamakon bibiyar sabobin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi. Sun tarar cewa fiye da kashi 8 cikin 100 na allunan RAM suna samun kuskure a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na na'urorin suna gamuwa da aƙalla kuskure guda a shekara. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne cewa mafi yawan kurakuran masu zama ne, kuma allon da ya taɓa yin kuskure ya fi sauran yiwuwar sake yi.

To me bit guda zai ɓata? A ɗauki ɗalibin da ya ci maki 68. A lissafin na'ura ana rubuta wannan lamba 1000100, kuma idan ɗaya ta farkon ta koma sifili, makin ya zama 4. A watan Mayun 2003, a unguwar Schaerbeek da ke birnin Burasal na ƙasar Beljiyam, na'urar zaɓe ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'u 4,096 da ba nata ba, kuma an gane ne kawai saboda adadin ya wuce abin da zai yiwu. Lambar 4,096 daidai take da darajar bit guda a gurbi na goma sha uku, don haka masanan da suka duba lamarin suka karkata ga cewa bit ne ya juye da kansa. Babbar illar tana nan: idan na'ura ta tsaya cak, kowa ya ga matsala, amma idan ta ci gaba da aiki ɗauke da lamba marar gaskiya, sai ta rubuta ta a faifai, ta shiga kwafin ajiya, ta zama ita ce shaida, kuma babu wanda zai san lokacin da abin ya faru.

Dabarar da ke gano kuskure ta gyara shi

Asalin maganin ya girmi RAM ɗin zamani. Richard Hamming, masanin lissafi a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, yakan bar wa wata tsohuwar na'ura aiki a ƙarshen mako, ya dawo ya tarar ta ga kuskure tun da wuri ta watsar da aikin. Ya yi tunanin cewa na'urar da ta iya gane an yi kuskure ya kamata ta iya gane inda yake, kuma a 1950 ya wallafa hanyar yin hakan.

Tushen dabarar mai sauƙi ne. Idan kana da jerin sifili da ɗaya, sai ka ƙirga ɗaya nawa ne a ciki, ka ƙara bit guda na sa ido wanda zai sa jimillar ta zama mai rabuwa biyu daidai. Duk lokacin da ka sake ƙirgawa ka ga ta ƙi rabuwa, ka san wani abu ya juye, sai dai ba ka san wanne ba. Abin da Hamming ya ƙara shi ne yawaita masu sa idon, kowanne ya tsare wani rukuni na jerin, rukunan kuma suna ratsa juna ta yadda babu bit biyu da masu tsaronsu suka zo ɗaya sak. Idan bit ya juye, waɗanda ke tsaronsa ne kaɗai za su yi ƙorafi, kuma jerin sunayen masu ƙorafin shi ne adireshin mai laifin. Tunda bit ba shi da hali sai biyu, sanin inda yake ya isa gyara: a juya shi kawai.

A allon DDR4 na sabar, kowane bit 64 na bayani yana tafiya da bit 8 na sa ido, jimilla 72. Bakwai daga cikinsu sun isa nuna gurbin kuskure guda, na takwas kuma yana ba da damar gane cewa biyu ne suka juye tare. Saboda haka tsarin yana gyara kuskure ɗaya nan take ba tare da mai aiki ya ji komai ba, idan kuma biyu ne ya kasa gyarawa, sai ya yi shela, na'ura ta dakatar da aikin maimakon ta wuce da gurɓataccen bayani. Wannan ne dalilin da ya sa inda allon kwamfutar gida ke da cip takwas a jere, za ka tarar da tara a na sabar. Manyan sabobi sun wuce nan ma. IBM ta fito da tsarin Chipkill a shekarun 1990, wanda ke rarraba bayani ta yadda ko cip guda ya mutu ɗungurungum na'ura za ta ci gaba da aiki daidai, Intel da AMD kuma suna da irin nasu. Akwai kuma sintirin da na'ura ke yi a ɓoye, tana bin RAM ɗin gurbi-gurbi tana gyara ƙananan kurakurai kafin biyu su taru a wuri guda.

A nawa ganin, gyaran ma ba shi ne mafi girman amfanin ba. Mafi girma shi ne rajista: duk kuskuren da aka gyara ana rubuta shi tare da lambar ramin da allon yake, a tsarin kula da sabar da ake kira iDRAC idan ta kamfanin Dell ce, ko iLO idan ta HPE ce. Da yake allon da ya fara kuskure yakan ci gaba, wannan rajista ita ce gargaɗin da ke ba injiniya damar canza shi ranar Asabar cikin natsuwa, maimakon ya mutu ana tsakiyar rajistar ɗalibai.

Me ya sa girma ke ƙara buƙatar kariya

Allo guda mai gigabayit 128 yana ɗauke da bit fiye da tiriliyan ɗaya. Sabar mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta) biyu na AMD EPYC, da ramuka 24 cike da irin wannan allo, tana da RAM da ya haura terabayit 3. Ko da yiwuwar kuskure a kowane bit ƙarama ce ƙwarai, idan aka ninka ta da wannan adadi, aka kuma ninka da watannin da na'urar ke yi a kunne, kuskure ya zama abin da ake jira. Ƙari a kan haka, masu ƙera cip suna ta ƙanƙanta ma'ajin cajin domin su cusa da yawa a wuri ɗaya, har ta kai a 2014 masu bincike daga Jami'ar Carnegie Mellon da Intel suka nuna cewa yawan taɓa layi ɗaya na RAM da sauri yana iya juya bit a layin da ke maƙwabtaka da shi, matsalar da aka sa wa suna Rowhammer.

Girman yana kawo wata matsalar ta daban, wadda ita ce ta raba allunan sabar da na gida tun daga siffa. Furosesa ba zai iya yi wa cip masu yawa magana kai tsaye ba tare da siginar ta raunana ba, shi ya sa ake dasa wani cip na musamman a tsakiyar allon da ke karɓar umarni ya sake rarraba shi. Irin wannan allo shi ne RDIMM. Akwai LRDIMM da ke yi wa bayanan kansu irin wannan hidima domin a ƙara lodi, sannan a alluna mafiya girma ana ɗora cip a kan cip a huda su da ƙananan mahaɗai. Ba a haɗa RDIMM da allon gida a na'ura ɗaya, kuma kwamfutar tebur ta yau da kullum ba ta karɓar RDIMM. Hasali ma ECC ba ya aiki sai furosesa da madabod da allon duka ukun sun yarda da shi.

Ruɗanin DDR5

Gaskiya ne cewa ƙa'idar DDR5, wadda ƙungiyar JEDEC ta fitar a watan Yulin 2020, ta wajabta wani nau'in gyaran kuskure a cikin kowane cip. Amma an sa shi ne saboda cip ɗin ya ƙanƙance har yana bukatar tallafi kafin ya yi aiki yadda ya kamata. Yana gyara abin da ya faru a cikin cip ɗin kaɗai, ba ya kare bayani a kan hanyarsa ta zuwa furosesa, kuma a aikin yau da kullum ba ya sanar da mai na'ura abin da ya gyara. Allon DDR5 na sabar yana da wannan, sannan yana da cikakken ECC a kai, inda faɗinsa ya kai bit 80 a madadin 64 na allon gida. Wanda ya sayar maka da allon gida yana cewa "ai da ECC ɗinsa", ya faɗi rabin magana ne.

Daga ina tsadar ta fito

Wani ɓangare na tsadar halal ne kuma a fili yake: bit 8 a kan 64 ƙarin kashi 12.5 cikin 100 ne na cip, bit 16 a kan 64 kuma ƙarin kashi 25 ne, ga cip ɗin tsakiya, ga gwaji mai tsanani. Sai dai wannan bai isa ya bayyana tashin da aka gani ba. Kamfanoni uku ne, Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, suke ƙera kusan kashi 90 cikin 100 na wannan kaya a duniya. Da gasar ƙirƙirarriyar basira ta kankama, sai suka karkatar da masana'antunsu ga wani nau'i mai suna HBM, wanda ake liƙawa kusa da cip ɗin Nvidia da makamantansa, kuma Micron da kansa ya bayyana cewa HBM yana cin kayan ƙira kusan ninki uku na abin da DDR5 mai girma ɗaya ke ci. Manyan cibiyoyin adana bayanai na Amurka da Sin kuma suna kwashe allunan sabar da yawa tun kafin a ƙera su. A 2025 kamfanonin suka fara janyewa daga DDR4, abin da ya sa tsohon samfurin da yawancin sabobinmu ke amfani da shi ya yi tsada maimakon ya yi araha, kuma a watan Disamba na shekarar Micron ya sanar da rufe kasuwancinsa na Crucial da ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane.

Mu kuma a nan akwai namu ƙarin nauyin. Da dala ake sayen kayan, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Ofishin da ya yi kasafi da tsohon farashi yana fuskantar tashi biyu a kan kaya ɗaya.

Masu cewa a saya da masu cewa a dakata

Mai riƙe da asusu yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Yana ganin kuɗin allo biyu ko uku zai sayi dizal na makonni ko batiran inbata, kuma sabar da babu wuta ba ta amfanar kowa komai kyawun RAM ɗinta. Wasu kuma suna ba da shawarar a bar sayen na'ura gaba ɗaya a kama haya a cibiyoyin adana bayanai na Legas ko Abuja ko na ƙetare, inda ECC ya riga ya zama ƙa'ida. Wannan mafita ce ta gaske ga wasu ayyukan, sai dai hayar ma tana bin farashin kayan, kuma tana rataye ne a kan ingancin intanet. Akwai kuma masu sayen allunan hannu da aka cire daga sabobin Turai da Amurka. Ba laifi ba ne, domin da yawansu suna da sauran rai, amma binciken Google ya nuna kurakurai suna ƙaruwa da tsufan allo, don haka irin wannan kaya yana buƙatar a gwada shi na sa'o'i masu yawa da manhaja irin MemTest86 kafin a ɗora masa amanar jama'a.

Hukuncin da na ga ya dace ya danganta ne da abin da ke ratsa na'urar. Ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa a Samaru, ko mai shagon buga takardu a Kongo, ba ya buƙatar ECC, kuma kada wani ya tsorata shi ya saya. Amma na'urar da ke riƙe da sakamakon jarrabawa, ko adadin maganin da aka rubuta wa majiyyaci, ko albashin ma'aikata, ko bayanan binciken noma na shekaru, ba wurin tsimi ba ne. Idan kuɗi ya gaza, gara a sayi RAM kaɗan mai ECC a ƙara daga baya, da a cika ramuka da wanda ba ya iya faɗin lokacin da ya yi kuskure.

Abin da ECC ba ya yi, da abin da mai saye zai duba

Ya kamata a yi adalci a nan, domin kalmar "kwamfuta ce ta yi kuskure" ta zama mafakar mutane da yawa. Mafi yawan makin da ya ɓata ko kuɗin da ya maƙale, daga hannun ɗan Adam ne, ko daga manhaja, ko daga yankewar sadarwa, kuma ECC ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu. Idan magatakarda ya buga 4 a madadin 68, na'urar za ta tsare masa 4 ɗin da aminci. Ba ya hana bayanan da ke RAM gushewa idan wuta ta ɗauke, don haka bai maye gurbin UPS da janareta ba, bai kuma maye gurbin kwafin ajiya ba. Yanayinmu ma yana da nasa sharuɗɗan: zafin watan Maris da Afrilu yana buƙatar ɗakin sabar ya samu sanyi ba yankewa, ƙurar hunturu tana shiga ramuka ta toshe iska, busasshiyar iskar lokacin kuma tana tara cajin jiki da kan iya lalata allo a hannun wanda ya kama shi ta haƙoran mahaɗin da ke gefen allon ba tare da ɗaura igiyar sauke caji ba.

Ga kwamitin saye, takardar da ke liƙe a jikin allon tana faɗin gaskiya fiye da mai talla. A allunan DDR4, harafin farko da ke bayan karan da ya biyo lambar gudu da harafinta yana nuna nau'i: R na RDIMM ne, L na LRDIMM, E na allo mai ECC marar cip ɗin tsakiya, U kuma na gida ne marar kariya. Alama irin 2Rx4 tana nuna tsarin cip ɗin, kuma masu x4 sun fi dacewa da kariyar da ke jure mutuwar cip guda. Littafin kowace sabar yana ɗauke da jerin allunan da take karɓa da tsarin ramukan da za a fara cikawa, kuma saɓa wa wannan tsari yana rage gudu ko ya hana na'urar tashi. Tunda gina sabuwar masana'antar cip yana ɗaukar shekaru, kuma DDR4 yana kan hanyar ƙarewa, ofishin da sabarsa ke kan DDR4 zai yi dabara idan ya ajiye allo ɗaya ko biyu irin nata tun yanzu. Sannan a rubuta a cikin aikin wani ma'aikaci, da sunansa, cewa shi ne zai riƙa buɗe rajistar kurakuran a kowane mako, ya kai rahoton duk allon da ƙidayarsa ta fara hawa, a kuma ba shi ikon neman a canza shi tun garantin kamfani bai ƙare ba.